Wane suna za mu ba disleksiya da Hausa?

Ƴan uwa, ku taya mu neman kalma. Wasu matasa a nan Damagaram suna shirya gudun tallafi: kowane mai gudu ya zuba abin da ya sawwaƙa, a tara a biya malaman da za su riƙa zama da yara masu disleksiya bayan an taso daga lakwal. Rubutun riguna ne ya tsaya. In aka buga "disleksi" yadda likitoci ke faɗa da Faransanci, tsohuwar da za a wuce ta ƙofar gidanta a Birni ko Zango ba za ta san jikanta ake yi wa gudun ba.

Ga yaron da ake nufi. Yana da hankali, ido lafiya, kunne lafiya, ka ba shi labari ya maido maka da shi tsaf, amma haɗa sauti da harafi ya gagare shi. Yana karatu yana tuntuɓe, ya tsallake gaɓa, b ta koma masa d. Abin daga yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan magana yake, kuma yakan bi jini. Faransanci na ƙara masa nauyi, tunda o da au da eau duk sauti ɗaya ne.

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan a 1887, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wahala da kalma. Kafin shi, a 1877, Adolf Kussmaul ya kira abin makantar kalma, kuma wani dattijon malaminmu ya ce mu ɗauki wannan. Allah gafarta Malam, ina jin tsoronta. Uba na jin makanta zai nufi asibitin ido, ya kashe jakkunansa a tabarau, yaro ya dawo aji yana nan yadda yake. Haka "cutar karatu": za a shiga neman allura da jiƙo, alhali abin da yaron ke buƙata malami ne mai haƙuri da zai bi da shi sauti bayan sauti, yana ji, yana faɗa, yana zanawa da yatsa a ƙasa.

Sunan da ake kiransu da shi yanzu, daƙiƙi, shi ya kori yara da dama daga aji, da bulala a bayansu.

Wata Hajiya da ta daɗe tana koyar da ƴan aji ɗaya ta kawo "i'inar karatu". Hajiya, wannan ta shiga raina, don kowa ya san mai i'ina ba wawa ba ne. Sai dai za a ɗauka harshe ne ke sarƙewa, a manta yaron yana shan wuya har a rubutu.

Ni dai na fi karkata ga makarantar allo. Can ake fara babbaƙu, a wuce farfaru, sannan a ce yaro ya iya haɗa baƙi. Daidai wannan matakin ne ke tsayar da yaranmu. Sai mu ce wuyar haɗa baƙi. Alaramma zai gane, mushen lakwal, wato malamin boko, zai gane, uwa za ta faɗa ba tare da ta sunkuyar da kai ba, kuma wuya abu ce da ake cin ƙarfinta da koyo.

Tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, kalma irin wannan za ta iya kaiwa littattafan horar da malamai, gara mu tace ta tun yanzu. Mutanen Maraɗi, Tawa da Kano, in akwai sunan da kuka ji iyaye na faɗa a wajenku, ku kawo shi mu gwada.