Labarin zane ya fara da raha ya koma tashin hankali, ya ake yi?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu kan The Order of the Stick, labarin zanen intanet da Rich Burlew ya fara a 2003. Da farko tsokanar dokokin wasan Dungeons & Dragons (wasan da ake zama jarumai ana yaƙar dodanni) ce kawai, daga baya sai ga yaƙi da kisan kiyashi. Wasu sun ce ya lalace, wasu sun ce nan ya nuna. Mai son zana irinsa, ya zai yi wannan juyin masu karatu ba su watse ba?

Baffa na Kazaure: Wa alaikumus salam, ɗana. Nauyin dole ya tsiro daga cikin rahar. A wasan ana kashe dodannin goblin don a tara maki, ba mai tambayar ko suna da iyali. Burlew ya ɗauki wannan dokar da ake wa dariya ya mayar da ita ƙorafin Redcloak, wani goblin daga cikin miyagun labarin. A littafinsa Start of Darkness na 2007 ma an nuna mayaƙan da ake kira na kirki sun afka wa ƙauyen su Redcloak. Haka Miko, wata mayaƙiya mai ikon da alloli suka ba ta a labarin: ta tabbatar wa kanta ita ce mai gaskiya, har ta kashe ubangidanta Shojo, ikonta ya zube nan take. Amma an daɗe ana nuna taurin kanta kafin ranar, shi ya sa ba wanda ya ce an yi masa ba-zata. Shuka alamar tun da wuri, kuma ko shafin makoki ne, a bar ɗan abin murmushi a akwatin ƙarshe.

Hajjo Bichi: Baffa, a gafarce ni, ba dole ba ne a juya. 8-Bit Theater, wani labarin zanen intanet, ya yi daga 2001 zuwa 2010 yana shashanci, mugun bokan cikinsa Black Mage bai taɓa shiryuwa ba, kuma labarin bai rasa masoya ba. Inda masu juyin ke faɗuwa shi ne sihirin tayar da matacce. In mutuwa tana da magani a shafi na gaba, wa zai yi kuka? Burlew bai faɗa wannan ramin ba: da Roy, jagoran jaruman labarinsa, ya mutu, sai da aka wuce shafi 200 kafin ya dawo.

Mai Cajin Waya, Gumel: Ku tuna masu karatunmu da ɗan data suke leƙowa, wani sai ranar kasuwa. Shafi goma a jere ba dariya, sun tafi. Uku ko huɗu, sannan a sassauta.