Wa ya taɓa shiga gangamin ɗalibai kan nakiya? A ba mu labari

Ɗan Gwange:
Salam 'yan uwa. 4 ga Afrilu ta kusa, ranar wayar da kai kan nakiyoyi ta duniya, ƙungiyarmu ta ɗalibai na so ta yi wani abu amma wallahi mun rasa ta inda za mu fara. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Yar Bulunkutu:
Mun yi a Maiduguri ina aji uku. Ni abin da ya ja ni ƙanin ƙawata ne, ɗan jari bola, ya tsinci wani ƙarfe a bayan gari ya zaci na kilo ne, yatsu uku suka tafi, da sauran kwana dai. Farko kwalaye muka rubuta muka zaga cikin makaranta aka yi hotuna aka zuba a Facebook muna ta jin kanmu, sai wata anti mai aikin agaji ta ce mana wai yaran da ke taka abin nan a Facebook suke? Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ita ta haɗa mu da masu horarwa, muka fara shiga sansanin 'yan gudun hijira da hotunan abubuwan da ake haɗa nakiya da su: jarka da waya, tukunya a binne, batir. Takardun da muka buga da Hausa ma ba su yi amfani ba don yawanci Kanuri suke ji kuma karatun boko babu, dole muka mai da shi waƙa da tafi: kar ka taɓa, kar ka jefa dutse, ka je ka faɗa wa babba. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce 'yata to itacen girki fa, a ina zan samo in ba daji ba? Har yau ban da amsarta.

Lauyan Gobe:
Mu ta ɓangaren doka muka bi. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ita ta haramta nakiyar da mutum ke takawa, Najeriya ta shiga a 2001. Ta bam mai 'ya'ya kuma, wanda ke buɗewa a sama ya watsa ƙanana da yawansu ba sa tashi sai yaro ya ɗauka, an sa hannu a Oslo a 2008, Najeriya ta sa nata a 2009 amma sai 2023 ta tabbatar. Kafin nan mun tara sa hannun ɗalibai na neman a tabbatar da ita muka kai wani ofis, masinja ya buga hatimi ya karɓa, ko uffan har muka gama makaranta. Ba zan ce mu muka sa aka yi ba gaskiya.

Baban Hanif:
Lauya ka yi haƙuri fa, Boko Haram ta sa hannu a Ottawa ne? Amurka da Rasha da China ma ba sa ciki.

Lauyan Gobe:
Yaya, ba su sa ba, amma ko a daji aka haɗa nakiyar in dai taku ne ke tada ta, yarjejeniyar ta ɗora wa gwamnati cirewa da kula da waɗanda suka ji rauni. Da wannan muke riƙe ta.

Ɗiyar Agadas:
Ni lokacin tawayen 2007 a arewacin Nijar ina ƙarama, na tuna direbobi ba sa yarda su sauka daga sawun tayar motar gaba don tsoron nakiya. Da na je karatu Faransa na tarar da dalar takalma ta Handicap International, ƙungiyar agaji mai taimaka wa naƙasassu, kowa ya jefa takalmi a tsibi don tuna waɗanda suka rasa ƙafa. Na cire silifas ɗina na jefa, na koma ɗaki da safa cikin sanyi. Ku gwada wannan, ba ya cin kuɗi kuma mutane na tsayawa su tambaya.

Ɗan Gwange:
Madalla, na gode. Akwai wani ɗan ajinmu ya ce zai kawo tsohon kwanson roka daga ƙauyensu a nuna wa mutane, wai ya mutu tuntuni.

Yar Bulunkutu:
Inna lillahi! Malam don Allah kira shi yanzu yanzu ka ce kar ya taɓa shi, ya sanar da bulama ko jami'an tsaro inda yake. Hoto za ku buga.