Mun koma PyPy, sabar tana tsayawa saboda fayiloli

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun mayar da manhajarmu ta Python daga CPython (injin da aka saba gudanar da Python da shi) zuwa PyPy (wani injin na daban) don neman sauri, kuma a gwaji ta yi gudu sosai da zarar JIT (ɓangaren PyPy mai fassara lambar manhaja zuwa harshen na'ura yayin da take gudana) ya ɗumama. Amma da muka ɗora ta a sabar da jama'a ke amfani da ita, bayan 'yan awanni sai ta tsaya cak, wai buɗaɗɗun fayiloli sun kai iyakar 1024.

Na san a PyPy fayil ba ya rufuwa da kansa nan take, sai mai kwashe shara (ɓangaren da ke share abubuwan da manhaja ta gama amfani da su) ya zagayo. Na bi layi-layi na sa "with" (kalmar Python da ke rufe fayil da zarar an gama da shi) duk inda na ga ana buɗe fayil, abin bai sauya zani ba. Ina zargin wani laburare (tarin lamba da manhajar ke aro) da ba mu muka rubuta ba. Don Allah ta yaya zan gano mai barinsu a buɗe? Ɗaga iyakar bai kwanta mini a rai ba.