"Da sauran rina a kaba": ta dace da dokokin makaranta bayan majalisa ta tashi?

Malam Habu: Jama'a, duk sanda majalisar dokokin jiha ta rufe zama, aka karanto abin da ta zartar kan makarantu, ciyar da ɗalibai ne, ƙarin malamai ne, rage cunkoson aji ne, sai ka ji an ce "da sauran rina a kaba". Karin maganar ta zauna a nan kuwa, ko bakinmu ne ya saba da ita?

Hajiya Ladi: A fara da kalmomin, Malam. Rina ƙwaro ne mai harbi. Kaba kuwa ganyen goriba ne da ake saƙa tabarma da shi. Mai yankan kaba ya kaɗa, rina suka tashi, ya zura hannu, sai wadda ta maƙale a ninkin ganye ta harbe shi. Ba "da sauran aiki" ake nufi ba. Haɗari ake nufi, wanda ya ɓuya bayan an ɗauka an gama.

Malam Habu: Ke nan sa hannun gwamna ba rina ba ne?

Malam Isa: Ba kowane lokaci ba. A Najeriya sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suka sake amincewa, ƙuduri ya zama doka. Wannan a fili yake, kowa na iya ƙirga kwanakin. Rinar tana cikin kasafi. Dokar da ta ce a yi abu daban, dokar da ta ware kuɗin yin sa daban. Ɗauki dokar da ta ce kada aji ya wuce yara 40. Makaranta mai yara 600 da azuzuwa 10 tana da 60 a kowane aji. Kafin ta bi doka sai ta samu azuzuwa 15, wato ƙarin ɗaki 5 da malamai aƙalla 5, da albashinsu duk wata. In babu wannan a kasafi, shugaban makaranta ko ya karya doka, ko ya mayar da yara 200 gida. Iyaye ake harba.

Hajiya Ladi: Ko an ware ma, warewa ba saki ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta taɓa tallafin sai ta ajiye nata rabin kuɗin aikin. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗin na nan a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, rufin aji na nan yana yoyo.

Malama Rabi: Yaya Ladi, ni ban yarda a riƙa jefa karin maganar nan ko'ina ba. Faɗinta kan kowace doka yana kashe wa iyaye gwiwa, su daina bibiya. In za ka faɗe ta, nuna ganyen da rinar take. A yawancin jihohin Amurka gwamna na iya soke layi guda a kasafi ya bar sauran, kuma jihohi 46 shekarar kuɗinsu na farawa 1 ga Yuli. Don haka can ana duba abu biyu: layin ya tsira, kuma kuɗin zai iso kafin a koma makaranta?

Malam Isa: Haka ne. A ƙara da ranar fara aiki. Doka na iya cewa sai ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idoji, ba tare da wa'adi ba. Sai a duba ko an rubuta "wajibi ne" ko "tana iya". Kalma biyu ne, amma ta biyun ba ta tilasta kowa.

Malam Habu: To in kuɗi ya fito, ƙa'idoji suka fito, ana jiran ɗan kwangila kawai?

Hajiya Ladi: Nan "da sauran aiki" za ka ce. Sai fa in an biya shi kafin a duba ginin. Wannan kuwa kwamitin ilimi na majalisa na da ikon kiran kwamishina a kai, sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki ne suka ba shi.