Yaushe mai shan inna za ta faɗa wa manemi?

'Yar Fagge:
Salamu alaikum. Budurwa ce mai shan inna, da sanda biyu take tafiya. Sun haɗu da saurayi a Facebook, hira ta yi nisa a waya, amma bai taɓa ganinta a tsaye ba. Yaushe ya kamata ta faɗa masa? In ta yi shiru har aka ɗaura, auren zai ɓaci?

Malamin Zaure:
Wa'alaikumus salam. A Malikiyya aibobin da ke ba da zaɓin warware aure sanannu ne: hauka, kuturta, albaras da cutar da ke hana kwanciyar aure. Gurguntaka ba ta ciki, sai in an gindaya sharaɗin lafiyar gaɓoɓi tun farko. Aure dai ya ɗauru. Amma ɓoyewar ce dangin miji za su riƙa goranta mata.

Anti Nas:
Ta faɗa kafin ya zo zancen farko, 'yar uwa, kuma ba da muryar neman afuwa ba. "Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ƙarama, da sanda nake tafiya." Shi ke nan, ta tura hoto a tsaye. Wanda zai gudu gara ya gudu a waya, ba a ƙofar gida ƙanne suna leƙe ba.

Uwarsa za ta tambaya ko gado ne. Ba gado ba ne, ƙwayar cuta ce, kuma ba ta hana ɗaukar ciki. Sai dai in ƙugu ya karkace, ta fara awo da wuri don likita ya duba ko haihuwar sai da tiyata. Abin da ake gada shi ne sikila: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Gwajin jini na sikila shi za a matsa wa.

Baban Amira:
A duba ɗakin da zai ajiye ta kafin a kai lefe. Masai na tsugunno wahala ne, a sa na zama da ƙarfen dafawa a bango. Tayil mai santsi a banɗaki shi ke kayar da mai sanda. In wata rana za ta hau keken guragu, ƙofa kada ta gaza santimita 80, gangara kuma tsawon santimita 12 ga kowane santimita 1 na tudun dokin ƙofa.

Sannan duk manemin da ya ce "jihadi" ya zo yi, a sallame shi. Irinsu ne ke neman a rage sadaki, gobe su ce taimako suka yi. A yanka mata sadaki daidai da na yayyenta.