Kwana a tsohon masaukin Japanawa: zai yiwu ga Musulmi da iyalinsa?

Ɗan Karantina, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar wanda ya taɓa taka ƙasar Japan. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa a nan Jidda, kuma in Allah ya yarda a watan Nuwamba zan je Nagoya wurin mutanen da muke sarin kaya a hannunsu. Wannan karon da uwargida za mu tafi, don shekara 11 da aurenmu ban taɓa kai ta ko'ina ba in ka cire Kano da Ɗa'if. Wani Bajapane abokin hulɗarmu ya dage sai mun kwana ko dare ɗaya ne a abin da suke kira riyokan, masauki irin na kaka da kakanni wanda iyali ɗaya ke riƙe da shi. Ya turo hotuna, kuma gaskiya wurin ya kwanta mini a rai. Sai dai na ji an ce wanka a kwarmi ɗaya ake yi kowa zigidir, abinci kuma ba ka da zaɓi, sannan kuɗin dare ɗaya ya kusa na kwana uku a otal. Wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, kada in kai 'yar mutane inda za ta kwana da yunwa.

Jikan Mai Masauki, Makka

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka je. Amma ka je da shiri, don ba otal ba ne, gidan mutane za ka sauka.

Ni da iyali mun kwana biyu a wani irinsa a lardin Ishikawa, cikin wani ƙauye mai ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Muna shiga zaure aka nuna mana inda za mu tuɓe takalma, ba mu sake ganinsu ba sai ranar tafiya. Uwar gidan, wadda suke kira okami, dattijuwa ce da ta haura sittin, ta fito ta durƙusa ta yi mana maraba da sunanmu. Wallahi nan take na tuna kakana. Gidanmu na Misfala, kafin rusau ya ci unguwar, masaukin alhazai ne daga Kano da Borno. Kaka ya san wanda ba ya cin yaji, ya san wanda ƙafarsa ke ciwo a ba shi ɗakin ƙasa, in kuma ɗan wani tsohon baƙonsa ya zo bayan shekara ashirin zai tambaye shi mahaifinsa da suna. Ban zaci zan sake ganin wannan a duniya ba, sai ga shi a hannun mutanen da ko yarensu ba na ji.

Ɗakin babu gado, babu kujera. Tabarma ce mai kauri da suke kira tatami shimfiɗe daga bango zuwa bango, tana ƙamshin ɗanyar ciyawa, da ɗan gajeren tebur a tsakiya, da ƙofofin takarda da ake turawa gefe. Ba a hawa tabarmar ko da silifas, ba a kuma jan akwati mai taya a kanta. Akwai wani ɗan lungu da aka rataye rubutun hannu da fure guda ɗaya a tulu. Na kai hannu zan ajiye jaka a can, mai kula da ɗakinmu ta karɓe ta da hannu biyu tana murmushi ta sauya mata wuri. Ashe nan ne wurin girmamawa a ɗakin. Katifa kuwa, futon, tana naɗe a kabad, sai dare ya yi su shigo su shimfiɗa.

Batun wanka, gaskiya aka faɗa maka. Maza daban, mata daban, amma kowa tsirara yake, kuma ba a yarda ka shiga ruwan da wando ko tawul ba. Wannan ba namu ba ne, ban ko leƙa ba. Mafita biyu ce. Ko ka kama ɗaki mai nasa kwarmin wanka, wanda ya fi tsada, ko ka nemi gidan da ke da kashikiri, wato ɗakin wanka da ake ba iyali ɗaya su kulle na kusan minti 45. Rubuta kalmar nan ka ajiye. Mu ita muka yi. Sai ka zauna a 'yar kujera ka yi wanka da sabulu tas, ka ɗauraye, sannan ka shiga ruwan ka jiƙu kawai. Zafinsa yana kai 41 ko 42 a ma'auni. Mu da muka saba da zafin Makka na ɗauka wasa ne, minti goma na fito jiri na ɗibana.

Abinci shi ne inda na yi kuskure, kuma har yau abin yana damuna. Mako biyu kafin tafiya na rubuta musu cewa ba ma cin naman alade, ba ma cin kowane nama ma, kifi da ganye kawai, kuma kada a sa giya a girki. Suka amsa da tambayoyi har guda biyar, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu shirin biki. Ranar farko sai muka tsaya yawo a birnin Kanazawa, jirgin ƙasa ya wuce mu, muka iso kusan takwas na dare alhali an sa mana abinci ƙarfe shida da rabi. Ban kira ba, don a tunanina ai otal ne. Muka tarar mai dafa abincin, wanda ɗan uwar gidan ne, bai tashi ba. Ya sake gasa kifi sabo saboda na farko ya huce. Babu wanda ya ɗaure mana fuska, wannan ne ma ya fi ƙona ni. Kwano-kwano aka riƙa shigo da shi, ƙanana, sun kai goma: ɗanyen kifi yankakke, kifi gasasshe da gishiri, wake da aka daskarar kamar awara yana tafasa a 'yar tukunya a gabanka, laimar kwaɗi, shinkafa a ƙarshe. Saboda haka in sun ce shiga ƙarfe uku na rana, ka isa kafin biyar.

Kuɗin da ka gani kuma na mutum ɗaya ne, ba na ɗaki ba, amma abincin dare da karin kumallo suna ciki. Mu kowannenmu ya tashi kusan yen 30,000 a dare, wajen riyal 750 ke nan. Ba a ba ma'aikata na goro, kada ka miƙa.

Tun da ka ambaci iyali ɗaya, bari in ƙara wannan don ni ya fi komai taɓa ni. Akwai gidan Keiunkan a lardin Yamanashi da aka kafa a shekarar 705, shekarar da Walid bin Abdulmalik ya hau halifanci, kuma kundin Guinness ya sa shi a matsayin masauki mafi daɗewa a duniya. Iyali ɗaya suka riƙe shi har zuriya 52, sai a 2017 ya koma hannun wani daɗaɗɗen ma'aikacin gidan. A Ishikawa kuma akwai gidan Hoshi na 718, zamanin Umar bin Abdul'aziz ke nan, zuriya 46. Ba ginin ne ya kai haka ba, an sha sake shi. Ruwan zafin wurin da sunan gidan su ne suka daɗe. In babu ɗa namiji da zai gada, sukan ɗauki mijin 'yarsu ya zama ɗan gida ya karɓi sunan. Namu na Misfala zuriya uku kacal ya yi.

Maman 'Yan Biyu, Riyad

Alhaji, saƙona na Hajiya ne, ka karanta mata. Duk abin da Yaya na Makka ya faɗa haka yake, amma ni dare ɗaya ya ishe ni, ban kuma ga dalilin biyu ba. Bayana ya yi tsami a kan futon, bangon kuma siriri ne, tarin maƙwabci kana jin sa. In tana da ciwon gwiwa a nemi 'yar kujera tun wuri, suna da ita.

Mai hidimar ɗaki mace ce, amma masu shimfiɗa katifa wani lokaci maza ne, don haka a gaya musu su ƙwanƙwasa su jira, ko a yi shimfiɗar kuna waje. Za a ba ta doguwar rigar auduga, yukata. Ni a kan kayana na ɗora ta, da hijabina, babu wanda ya kalle ni sau biyu. Ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa. Karin kumallo shinkafa ce da gasasshen kifi da miyar miso ta waken soya, wani lokaci da wani wake mai yauƙi da warinsa ya yi kama da daddawa. Na tafi da yajina a 'yar kwalba, ya yi mini rana. Kilishi da dambun nama kuwa kada ma ta fara, an hana shiga Japan da nama ko busasshe ne, akwai karnukan da ke shinshina kaya a filin jirgi.

Ɗalibi a Madina

Allah ya saka wa manya da alheri. Abu ɗaya zan ƙara, Baba Alhaji. In ka ce musu ban da giya, da yawansu giyar sha za su fahimta. Ka ambaci sunan giyoyinsu biyu na shinkafa, wato "mirin" da "sake", domin da su suke haɗa miya da romo kusan kullum, kuma mirin na asali yana da sinadarin maye kusan kashi 14 cikin ɗari. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan abin da ya ƙone a girki, sai ka tambayi malamin da ka natsu da shi kafin ka tashi. Wani gidan zai ce maka ba zai iya ba, wannan ma gaskiya ya faɗa maka, sai ka nemi wani.

Alƙibla daga can yamma ce, ta ɗan karkata arewa. Japan ta riga mu da awa shida, kuma a Nuwamba rana tana faɗuwa kafin biyar na yamma, ka ga Magariba za ta same ku kuna shan shayin maraba.

Ɗan Karantina, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida, ta ce dare ɗaya, kuma ita ma da yajinta. Malam na Makka, Ishikawa ta yi mana nisa da kwanakin da muke da su. Akwai kusa da Nagoya?

Jikan Mai Masauki, Makka

Akwai. Garin Gero a lardin Gifu, na ruwan zafi ne, bai kai awa biyu ba a jirgin ƙasa daga Nagoya. In tsohon gini ka fi so a kan wanka, duba Tsumago da Magome, zangon matafiya ne a tsohuwar hanyar Nakasendo tun zamanin Edo, ɗaruruwan shekaru baya, gidajen katako a jere. Nuwamba lokaci ne da ganyen bishiyoyi ke yin ja mutane na tururuwar kallo, ɗakuna na ƙarewa da wuri, ka sa abokinka ya buga musu waya da yarensu cikin makon nan. Ka riƙe wa uwar gidan ɗan kwalin dabinon ajwa, a miƙa da hannu biyu. Tamu sai da ta kira ɗanta daga kicin ya zo ya ɗanɗana.