Firiza ta lalace, mai shago ya ƙi karɓa, ina zan kai ƙara?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake. Na sayi sabuwar firiza a wani shago nan Kano don sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Kuɗin adashe ne, da ba su isa ba na sayar da 'yan kunnen zinarena na aure na cika. Maigida ya ce in bari sai bayan salla, ni kuma na ga lokacin zafi ne ake ciniki. Ko wata ba ta yi ba ta daina daskarar da komai. Injin na ƙara dare da rana, amma ledojin zoɓo ruwa tsamo-tsamo, har sun fara tsami. Mai shagon ya nuna min ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su. An ce akwai hukumar da ke bi wa masu sayayya haƙƙi. Ta ina ake farawa?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan rubutun na rasit bai fi ƙarfin doka ba. Hukumar ita ce FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar CPC a ƙarƙashin dokar 2018. Dokar ta ba mai saye wata uku ya mayar da kaya masu aibi, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ki ɗauki hoton rasit da katin garanti, ki rubuta wa mai shagon takardar koke ki riƙe kwafi, sannan ki shigar da ƙorafi ta shafin hukumar na intanet. Jihar Kano ma tana da tata hukumar.

Uwar Gida:
Hmm, ni wata nawa ina bin kamfanin wuta kan bil ɗin ƙiyasi, gida babu kowa amma kuɗi na hawa. Talaka dai sai Allah.

Ɗan Kasuwa:
Ki bar maganar hukuma, Hajiya. Ki sami shugaban layinsu, a zauna a yi sulhu. Da zarar takarda ta shiga, mutumin zai taurare.

Baban Sadiƙ:
Sulhun me? Shugaban layi abokin cin tuwonsa ne. Irin wannan shawarar ce ta sa suke raina mu.

Mai Gyaran Sanyi:
Kina da sitabilaiza? Wutar da ba ta da ƙarfi tana ƙona kwamfireso, wato injin da ke sa ta sanyi. Kuma wani ya buɗe bayanta?

Maman 'Yan Biyu:
Malam, tsohuwar firijina shekara da shekaru ba sitabilaiza, ba abin da ya same ta. Yaron maƙwabtanmu ya duba, gas kawai ya ƙara. Ina zan zauna kaya na lalacewa? Rasit kuma sunan ƙanin maigida ne a kai, shi ya je ya biya.

Baban Sadiƙ:
To ai da kin faɗi haka tun farko. Shi zai shigar da ƙorafin, ki matsa masa.

Mai Gyaran Sanyi:
Tunda an taɓa ta, mai shagon zai ce garanti ya faɗi.

Maman 'Yan Biyu:
Ai tun kafin a taɓa ta ta lalace, maƙwabta shaida ne. Ƙanin nasa kuma yana Legas, kuma ba na son maigida ya ji maganar ta kai ga hukuma. Babu wadda ta taɓa kai ƙara da rasit ɗin wani?